La'ada a Ɓoye: Yadda Ake Kai Ƙarar Dillalin Inshora a Birtaniya

A shekarar 2006 wata malamar kwaleji a Ingila, Susan Plevin, ta karɓi rancen fam 34,000 daga kamfanin Paragon ta hannun wani dillali. Aka haɗa mata da inshorar da ake kira PPI, wadda za ta riƙa biyan bashin idan ciwo ya kwantar da ita ko aiki ya kuɓuce mata. Kuɗin inshorar fam 5,780 ne, aka ɗora shi a kan bashin. Abin da ba wanda ya faɗa mata shi ne, fam 4,150 daga ciki, wato kashi 71.8 cikin ɗari, la'ada ce da dillalin da mai ba da rancen suka raba a tsakaninsu. Kamfanin inshorar da ya ɗauki kasadar kuwa, ragowar fam 1,630 kaɗai ya gani.

Sai a watan Nuwamba na 2014 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci cewa ɓoye la'ada mai yawa haka ya sa cinikin ya zama babu adalci a cikinsa. Shekara takwas ke nan bayan sa hannu, ga ɗawainiyar lauyoyi. Ba kowa ke da wannan juriya ba, balle kuɗin.

Saboda irin waɗannan mutane aka kafa ofishin Financial Ombudsman Service, wanda dokar harkokin kuɗi ta 2000 ta samar, ya kuma fara aiki a 2001. Mai karatu a Nijeriya zai iya kwatanta shi da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975, sai dai wannan na Landan bankuna da kamfanonin inshora da makamantansu ya sa a gaba, kuma hukuncinsa yana da haƙora. Mai ƙorafi ba ya biyan ko sisi, ba ya buƙatar lauya. Kamfanonin ne ke ɗaukar nauyin ofishin ta hanyar harajin shekara da kuɗin da ake caza a kan ƙarar da aka shigar da su. Dillalan inshorar gida da mota da kaya sun shigo ƙarƙashin wannan tsari ne daga Janairun 2005.

To me ya sa ƙarar dillali ta bambanta da ta kamfanin inshora? A kasuwar kara, kowa ya san dillali, ya san la'adarsa, ido na ganin ido ake ƙirga ta. A harkar inshora kuwa, dillali a mafi yawan lokuta wakilin mai saye ne a idon doka, amma daga aljihun kamfanin inshora ladansa ke fitowa. Nan gizo ke saƙa. Idan dillali ya cike fom ba daidai ba, kamfanin zai iya cewa kuskuren daga ɓangaren mai saye ya fito, ya ƙi biya ko ya rage.

A ɗauka mai gida ya gaya wa dillali kuɗin da ya sayi gidansa, dillalin bai fahimtar da shi cewa abin da ake tambaya shi ne kuɗin sake gina gidan daga tushe ba. Aka rubuta fam 150,000, alhali ginin zai ci 300,000. Gobara ta cinye kicin, ɓarnar ta kai ta fam 40,000. Da yawa daga takardun inshora suna da sharaɗin da ke cewa wanda ya yi inshorar rabin daraja, rabin asara za a biya shi. Sai a miƙo masa 20,000, kamfanin ya kakkaɓe hannu, kuma bisa takarda bai yi laifi ba. Wanda ya kamata a tuhuma shi ne dillalin da ya yi tambayar a gurguje. Haka batun yake idan ya manta bai sabunta inshorar ba, ko bai ja hankalin mai saye ga wani sharaɗi da ke ɓoye a shafi na goma sha ba, kamar irin makullin da dole a sa wa ƙofar shago. Mutane da yawa kan ɓata watanni suna dambe da kamfanin inshora kafin su gane ba ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba ke nan.

Ba a tsallake dillali a garzaya ofishin Ombudsman kai tsaye. Shi za a fara rubuta wa, doka ta ba shi mako takwas ya ba da amsa ta ƙarshe. Daga ranar wannan amsa, mai ƙorafi na da wata shida ya kai maganar gaba. Akwai kuma wani wa'adin: shekara shida daga faruwar abin, ko shekara uku daga lokacin da mutum ya gane, ko ya kamata a ce ya gane, an cuce shi. Wata shidan nan ne ke kayar da masu gaskiya da yawa, domin dillali mai wayo ba ya rasa kalaman kwantar da hankali har lokaci ya ƙure.

Idan ƙara ta isa, jami'in bincike ne zai fara duba ta. Zai nemi fayil ɗin dillalin: takardar da ya rubuta buƙatun mai saye, saƙonnin imel, da muryoyin wayar da aka naɗa in akwai. Sau da yawa minti biyu na hirar waya ke raba gardama, a ji ko an yi tambayar ko ba a yi ba. Wanda bai gamsu da ra'ayin jami'in ba, ko dillali ne ko mai saye, zai iya neman Ombudsman da kansa ya yanke hukunci. Ma'aunin da doka ta ba shi shi ne abin da ya dace da adalci da hankali a yanayin wannan ƙara, ba harafin doka kaɗai ba. Kamfanoni sun daɗe suna gunaguni cewa wannan ma'auni ya yi faɗi, ba a sanin inda hukunci zai faɗa. Suna da ɗan abin faɗa, amma wanda ya taɓa zama ya karanta takardar inshora mai shafi hamsin ya san wa harafin doka ya fi yi wa rana.

Diyyar tana da iyaka. A Afrilun 2019 aka ɗaga ta daga fam 150,000 zuwa 350,000, ana kuma ƙara ta gwargwadon hauhawar farashi. A 2019 ɗin ne kuma aka buɗe wa ƙananan kamfanoni ƙofa sosai, waɗanda cinikinsu bai kai fam miliyan 6.5 a shekara ba, idan sun cika sauran sharuɗɗa. In kuwa dillalin ya karye ya rufe ofis, sai a nufi asusun biyan diyya na FSCS.

Hukuncin ƙarshe yana hawa kan dillali ne kawai idan mai ƙorafi ya amince da shi. In ya ƙi, hanyar kotu tana nan a buɗe. Amma a 2014 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta yanke cewa wanda ya karɓi diyyar Ombudsman ba zai koma kotu neman cikon kuɗi a kan magana ɗaya ba. Don haka mai shagon da asararsa ta zarce iyakar diyyar, gara ya ga lauya kafin ya sa hannu a takardar amincewa.