Inda Taki Ya Zama Annoba: Labarin Gidajen Kiwo Na Amurka

A ƙasar nan manomi ya kan bai wa Bafillatani dawa ko kuɗi don ya sauke garkensa a gonarsa da rani, saboda taki. Don haka watakila masu karatu za su yi mamaki in mun ce akwai ƙasar da taki ya zama masifa, har majalisa da alƙalai sun fi shekara 50 suna fama da shi. Tun da ya ke a 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo, kuma ana ta kiran a tsare dabbobi wuri guda, mun ga ya kyautu mu kawo wa malamai da akawuna labarin Amurka.

Can, a manyan gidajen kiwo, ba a kai dabba daji. Akan gina dogayen rumfuna a zuba dabbobi dubbai, abinci da ruwa su iske su nan. A 1972 majalisar ƙasar ta yi Dokar Tsabtar Ruwa, ta sa irin waɗannan gidaje a sahu ɗaya da masana'antu, watau ba su da ikon zubar da ƙazanta a kogi sai da lasin. Bisa ƙa'idar 2003, gidan da a ke kira babba shi ne mai shanu 1,000, ko shanun tatsa 700, ko manyan aladu 2,500, waɗanda a ke tsare da su aƙalla kwana 45 a shekara.

Inda abin ya fi tsanani shi ne jihar Karolina ta Arewa, musamman gundumomin Duplin da Sampson. A ƙarshen shekarun 1980 aladun jihar ba su kai miliyan 3 ba, amma kafin 1997 sun doshi miliyan 10, har suka fi mutanen jihar yawa. Kashi da fitsarinsu a kan wanke su zuwa wani babban kududdufi a buɗe, in ya cika a fesa ruwan a gonakin kewaye. To, gona tana da iyakar abin da za ta sha. Abin da ya saura na naitirojin sai ya nutse cikin rijiyoyi, inda ya ke cutar jarirai, ko ya gangara rafi ya haifar da gansakuka, ita kuwa in ta ruɓe sai ta cinye iskar da kifi ke shaƙa.

A watan Yuni na 1995 bangon wani kududdufi ya ɓalle a gundumar Onslow, ƙazanta wajen galan miliyan 25 ta kwarara kogin New, kifi ya mutu ba adadi. A shekarar nan aka yi doka cewa sabon gidan aladu ya nisanci gidan mutane da ƙafa 1,500, makaranta da asibiti kuwa da ƙafa 2,500. A 1997 aka dakatar da gina sababbi masu aladu 250 ko fiye, a 2007 kuma aka haramta haƙa sabon kududdufi sam. Amma fa tsofaffin, waɗanda dubbai ne, ba a taɓa su ba, an rufe ƙofa ɓarawo yana ciki. Guguwar Floyd ta 1999 da ta Florence ta 2018 duk sun cika waɗansu har suka yi ambaliya.

Dokar tarayya ma ta sami rauni. A 2005, da kuma 2011, kotunan ɗaukaka ƙara suka yanke cewa hukuma ba ta da ikon tilasta wa mai kiwo neman lasin sai in lalle yana zubar da ƙazanta a ruwa. A ganinmu nan ne gizo ke saƙa, gama wa zai kai kansa ƙara? Masu kiwo suna da tasu hujja, ba mu ƙi ba: a 2000 kamfanin Smithfield ya ba da dala miliyan 15 don jami'a ta binciko wata dabara, aka samo dabarun, amma a 2006 aka ce tsadarsu ta fi ƙarfin gidajen da ke akwai.

Maƙwabta, waɗanda da yawansu baƙar fata ne talakawa, da suka gaji da wari da ƙudaje sai suka nufi kotu. A watan Agusta na 2018 masu taya alƙali shari'a suka ci wani reshen Smithfield dala miliyan 473 da rabi saboda mutum 6, aka rage zuwa miliyan 94 bisa dokar jihar. Tun kafin wannan hukunci majalisar jihar ta riga ta yi dokoki biyu, a 2017 da 2018, na ƙuntata irin wannan ƙara. Gwamna Roy Cooper ya ƙi sa hannu duk sau biyun, majalisa ta zartar da su ba da yardarsa ba.