Hurumin Ƙananan Hukumomi Wajen Kafa Kyamarorin Kama Masu Saɓa Dokar Tuƙi a Manyan Hanyoyi

1.0 Gabatarwa

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke rasa rayukansu a haɗurran hanya kowace shekara. Hukumar ta kuma bayyana cewa duk lokacin da matsakaicin gudun motoci ya ƙaru da kashi 1 cikin 100, yiwuwar aukuwar haɗarin da zai ci rai yakan ƙaru da kashi 4 cikin 100. Wannan ne ya sa ƙasashe da dama suka koma ga amfani da kyamarori masu sarrafa kansu, domin kama masu gudun wuce ƙima da masu keta danja. Sai dai shigowar waɗannan na'urori ta zo da wata tambaya ta shari'a: wane mataki na gwamnati ne yake da hurumin kafa su? Shin ƙaramar hukuma tana iya dasa kyamara a kan babbar hanyar da ta ratsa ta ƙasarta, alhali hanyar ta jiha ce ko ta tarayya?

Wannan muƙala za ta yi bayanin yadda na'urorin suke aiki, sannan ta bi diddigin taƙaddamar da aka yi a jihar Iowa ta ƙasar Amurka, inda aka kwashe fiye da shekara 15 ana ja-in-ja a kan batun. Daga nan za a waiwayi abin da tsarin mulkin Nijeriya ya tanada. An yi hakan ne domin malamai da masu tsara manhaja su sami ingantaccen bayani a kan wani misali na rabon iko a tsarin tarayya.

2.0 Yadda Na'urar Take Aiki

Asalin wannan fasaha yana komawa ga wani direban tseren motoci ɗan ƙasar Holan, mai suna Maurice Gatsonides, wanda ya kafa kamfanin ƙera na'urar auna gudu a shekarar 1958. Ingila ta fara amfani da kyamarorin auna gudu a yammacin Landan a 1992, Faransa kuma ta ƙaddamar da nata tsarin a 2003.

Aikin yana bin matakai huɗu. Da farko, na'urar takan auna gudun mota, ko dai ta hanyar rada, ko ta hasken leza, ko kuma ta wayoyin da aka binne a cikin kwalta. Na biyu, idan gudun ya zarce ƙa'ida, sai kyamara ta ɗauki hoton motar da lambarta, ta rubuta rana da lokaci da wuri. Na uku, sai a nemi sunan mai motar a kundin rajistar motoci. Na huɗu, bayan wani jami'i ya duba hoton ya tabbatar, sai a aika wa mai motar takardar tara.

Abin lura a nan shi ne, ba a tsayar da kowa a kan hanya. Saboda haka na'urar ba ta san wanda yake riƙe da sitiyari ba, lambar mota kawai ta sani. Wannan ya sa a wurare da yawa ake ɗora tarar a kan mai motar, ko da ba shi yake tuƙi ba, kuma ake ɗaukar ta a matsayin tara ta gudanarwa maimakon hukuncin aikata laifi. Daga wannan bambanci ne yawancin ƙararrakin da aka kai kotu suka samo asali.

3.0 Tushen Saɓanin

Manyan hanyoyin da suka haɗa jihohin Amurka sun samo asali daga wata doka ta shekarar 1956, wadda ta ɗora wa gwamnatin tarayya kashi 90 cikin 100 na kuɗin gina su. Duk da haka, jihohi ne suka mallake su, su ne kuma suke kula da su. To amma hanyar takan ratsa ta tsakiyar birane, kuma idan haɗari ya auku, 'yan sanda da 'yan kwana-kwana na birnin ne sukan fara isa wurin. Ke nan matakai uku ne suke da hannu a kan hanya guda.

Masu goyon bayan ƙananan hukumomi, wato majalisun birane da gundumomi, suna cewa su ne suka fi kusa da matsalar, kuma tsayar da mota a gefen babbar hanya mai cunkoso yana jefa rayuwar ɗan sanda cikin haɗari. Masu adawa kuwa suna kafa hujja da abubuwa uku. Na farko, akasarin masu bin babbar hanya matafiya ne waɗanda ba su da ƙuri'a a garin, saboda haka majalisar garin tana iya tatsar su ba tare da tsoron ranar zaɓe ba. Na biyu, kamfanoni masu zaman kansu ne sukan kafa na'urorin, kuma a wasu yarjejeniyoyi ana biyan su ne gwargwadon yawan tarar da aka ci. Na uku, bai kamata dokar tuƙi ta riƙa sauyawa daga gari zuwa gari a kan hanya ɗaya ba.

4.0 Misalin Jihar Iowa

Tun a shekarar 1968 aka yi wa tsarin mulkin jihar Iowa gyara, aka bai wa birane ikon tafiyar da al'amuransu na cikin gida muddin ba su ci karo da dokar jiha ba. Bisa wannan iko ne birnin Davenport ya kafa kyamarori. Da aka ƙalubalanci matakin, Kotun Ƙolin jihar ta yanke hukunci a 2008 cewa dokar tuƙi ta jiha ba ta hana birni yin tasa dokar ta cin tara da kyamara ba.

Wannan hukunci ya buɗe ƙofa. A 2010 birnin Cedar Rapids ya kafa kyamarori a kan babbar hanya mai lamba 380, a daidai wani lanƙwasa da ta yi a tsakiyar birnin. Birnin Des Moines ya yi haka a kan hanya mai lamba 235, birnin Sioux City kuma a kan mai lamba 29. Da yake Sioux City yana bakin iyaka ne, mutanen jihar Dakota ta Kudu da yawa sun sha tara. Sakamakon haka, a 2014 majalisar dokokin Dakota ta Kudu ta yi dokar da ta hana miƙa bayanan direbobinta ga wata jiha domin cin irin wannan tara. Wannan ya nuna cewa kyamara ba ta da wani tasiri idan babu hanyar isa ga kundin rajista, shi kuwa kundin ba a hannun ƙaramar hukuma yake ba.

A wannan shekara ta 2014 ce Ma'aikatar Sufuri ta Iowa ta fito da ƙa'idoji. Daga ciki akwai cewa dole kowane birni ya riƙa gabatar da rahoton shekara mai nuna amfanin kyamarorinsa, kuma ba za a kafa kyamara ba a cikin tazarar ƙafa 1,000, wato kimanin mita 300, daga inda aka rage ƙa'idar gudu. A 2015 ma'aikatar ta ba da umarnin a cire wasu daga cikin kyamarorin. Biranen Des Moines da Cedar Rapids da Muscatine suka garzaya kotu. A watan Afrilu na 2018, Kotun Ƙolin jihar ta ba su gaskiya. Hujjarta ita ce majalisar dokoki ba ta taɓa bai wa ma'aikatar ikon tsara irin waɗannan ƙa'idoji ba. Kotun ba ta shiga batun ko kyamarorin suna rage haɗari ko ba sa ragewa ba, ta tsaya ne a kan hurumi kawai.

Daga nan sai alhakin ya koma wuyan majalisar dokoki. Bayan shekaru ana muhawara tsakanin masu son a soke kyamarorin baki ɗaya da masu son a tsara su, aka zartar da doka, Gwamna Kim Reynolds ta sa mata hannu a watan Mayu na 2024. Muhimman tanade-tanadenta su ne:

i. Dole birni ko gunduma ya nemi izini daga Ma'aikatar Sufuri, tare da hujjar cewa wurin yana buƙatar kyamarar auna gudu.

ii. Ba a cin tara sai gudun ya zarce ƙa'ida da fiye da mil 10 a sa'a, wato kimanin kilomita 16.

iii. An ƙayyade iyakar tara, daga dala 75 zuwa dala 500 gwargwadon gudun, ana kuma ninka ta a wuraren da ake aikin hanya.

iv. Dole a kafa allon gargaɗi kafin a isa wurin kyamara.

v. Garin da mutanensa ba su haura 20,000 ba, ba shi da damar cin tara da kyamarar tafi-da-gidanka.

vi. Kuɗin da aka tara za a kashe su ne a kan gyaran hanyoyi, ko ayyukan 'yan sanda da na 'yan kwana-kwana.

Da ma'aikatar ta duba takardun neman izini a wannan shekara, sai ta ƙi amincewa da mafi yawan kyamarorin dindindin da aka nema. Wato ikon da kotu ta hana ma'aikatar a 2018, majalisa ta ba ta shi a 2024.

5.0 Yadda Wasu Wurare Suka Ɓullo wa Al'amarin

Jihar Ohio ta bi wata hanya dabam. A 2017 Kotun Ƙolinta ta soke sharaɗin da majalisar jiha ta gindaya na cewa sai ɗan sanda yana tsaye kusa da kyamara kafin a ci tara, domin ya saɓa wa 'yancin birane. Sai majalisar ta biyo ta aljihu: a 2019 ta yi doka cewa duk abin da gari ya samu daga tarar kyamara, za a zaftare daidai da shi daga kason da jiha take ba shi. A 2022 kotun ta amince da wannan doka, bisa hujjar cewa rabon kuɗin jiha hurumin majalisar jiha ne. Ita kuwa jihar Texas, a 2019 ta haramta kyamarorin danja.

A Faransa, gwamnatin ƙasa ce ta riƙe tsarin tun farkonsa, kuma cibiya ɗaya da ke birnin Rennes ita take tantance hotunan. Mace-macen hanya a ƙasar sun ragu daga fiye da 7,000 a 2002 zuwa ƙasa da 4,000 a 2010, kodayake akwai wasu matakan da aka ɗauka tare da kyamarorin a wannan tsakani.

6.0 Matsayin Tsarin Mulkin Nijeriya

Ita ma Nijeriya tsarin tarayya take bi, da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774, amma rabon ikonta ya sha bamban da na Iowa. Tsarin mulkin 1999 ya sanya zirga-zirga a kan manyan hanyoyin tarayya a matsayin abu na 63 cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai take da ikon yin doka a kansu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 kuma take aiki da dokar 2007, ita ce hukumar tarayya da aka ɗora wa tsare rayuka a kan hanya. Jihohi ma suna da nasu hukumomin, kamar KAROTA a Kano. A 2025 gwamnatin jihar Legas ta sanar da kafa kyamarorin auna gudu a wasu manyan titunan birnin.

Dangane da ƙananan hukumomi kuwa, Jadawali na Huɗu ya lissafa ayyukansu. Daga ciki akwai kula da kasuwanni da tashoshin mota, da bayar da lasisin kekuna da amalanke da kwale-kwale, da gina tituna da magudanun ruwa. Babu kula da gudun motoci a kan hanyar tarayya a cikin jerin. Bugu da ƙari, sashe na 36 ya tanadi 'yancin a saurari mutum kafin a hukunta shi, ya kuma hana a hukunta kowa da laifin da rubutacciyar doka ba ta fayyace shi tare da hukuncinsa ba. Haka kuma, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa a kan tattara bayanan mutane da adana su.

Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ya shafi kuɗi ne da zaɓaɓɓen shugabanci, bai ƙara musu hurumi a kan hanyoyin tarayya ba. Alal misali, ƙaramar hukumar da hanyar Kaduna zuwa Kano ta ratsa ta cikinta ba za ta dogara da wannan hukunci ta kafa kyamarar cin tara ba.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa tambayoyi huɗu ne suke tantance halascin kyamarar hanya: wa ya mallaki hanyar, wace doka ce ta ba da izini, ina kuɗin tarar suke tafiya, kuma a gaban wa wanda aka ci tara zai kai kukansa. A Iowa birane sun fara ne da ikon da tsarin mulkin jiha ya ba su, daga baya majalisa ta taƙaita shi. A Nijeriya tun farko tsarin mulki ya ajiye zirga-zirgar hanyoyin tarayya a hannun Majalisar Tarayya.

Ga malamai, wannan batu yana ba da damar nuna wa ɗalibai bambanci tsakanin amfanin abu da hurumin aiwatar da shi, da kuma yadda majalisa da kotu da ma'aikata kowacce take taka wa 'yar'uwarta birki. Yana da kyau idan za a gabatar da shi a aji, a fara da hanyar da ɗalibai suka sani, a sa su gano ko ta tarayya ce, ko ta jiha, ko ta ƙaramar hukuma, kafin a shiga muhawara a kan wanda ya dace ya kafa kyamara a kanta.