Kowa Ya Ci Gabansa

Mu shida muke zagaye kwano ɗaya a gidanmu. Da an idar da sallar magariba sai a miƙo shi daga cikin gida, tuwon dawa da miyar kuka, a dire shi a tsakiyar zaure. Ba a taɓa zana layi a kan tuwo ba, amma kowa ya san inda nasa ya tsaya. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Idan ci ya yi nisa, sai ka ga 'yar siririyar katangar tuwo ta tsaya tsakaninka da na kusa da kai, ba mai taɓa ta sai a ƙarshe. Mai wayo a cikinmu ba ya rusa katangar nan a fili. Ta ƙasa yake bi, yana yankar loma yana zurfafa rami a gabansa, miya kuwa gangare take bi, kafin ka ankara ta tsiyaye ta koma wajensa, an bar ka da gaya. Tsokar nama, ran da aka samu, a tsakiya take zama har sai babban wanmu ya raba. Wanda hannunsa ya yi yawo, wanmu ba ya dogon zance da shi. Ya ɗan bugi bayan hannun ya ce, "Ci gabanka."

Autanmu shi ya fi kowa shan wannan bugun. Yau yana aikin asibiti a wani gari a tsakiyar Ingila, ya yi iyali, ya sayi gida, irin gidajen nan tagwaye na jan bulo da bango ɗaya ya raba su. Wata Lahadi ya kira ni, tun daga sallama na ji ransa a ɓace.

"Yaya, da guminmu muka sayi gidan nan. Filin da ke gabansa nawa ne, yana cikin takarda. Ɗaki ɗaya nake so in fitar, an ce sai na nemi izini, har da jin ta bakin maƙwabta."

Na tambaye shi ɗakin mene ne. Ya ce zaure yake so. Ƙofar gidan kana buɗe ta sai wani ɗan siririn lungu da matakalar bene, daga nan sai falo, inda maiɗakinsa da yara suke wuni. Baƙo namiji in ya zo, ko dai a tsaya da shi a bakin ƙofa cikin sanyi, ko a tashi iyali su haye sama. Wannan ba ƙaramar damuwa ba ce ga wanda ya tashi a gidan da zaure ne fuskarsa, ban kuma ɗauke ta da wasa ba.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, abokin aikinsa ya ƙara kicin a bayan gida ba tare da ya cike takardar neman izini ba. Gaskiya ne. A Ingila akwai ƙare-ƙaren da doka ta riga ta yafe wa mai gida, an tattara su a wata ƙa'ida ta 2015. Ta baya, ɗaki mai hawa ɗaya zai iya fita mita 3 in gidan a manne yake da wani, mita 4 in shi kaɗai yake tsaye, muddin tsayinsa bai wuce mita 4 ba. Ta gefe ma akwai sassauci, in faɗin bai wuce rabin na gidan asali ba. Amma da zarar gini zai tsallake bangon da yake fuskar gida, rangwamen ya ƙare. Abin da aka bari kawai shi ne 'yar rumfar ƙofa, wadda shimfiɗarta ba ta wuce murabba'in mita 3 ba, tsayinta bai wuce mita 3 ba, kuma tsakaninta da iyakar titi akwai aƙalla mita 2. Wurin ajiye takalma da laima ke nan. Baƙo ba ya zama a ciki.

Na ce masa ya tuna zamanmu a zaure. Abin da ke bayanka naka ne. Ka ajiye moɗar ruwanka, ka tura takalmanka, ka jingina da bango, ba ruwan kowa. Gabanka kuwa naka ne, haka ne, amma a cikin kwano yake. Duk motsin da hannunka ya yi a nan, mutum biyar ne suke ganinsa, biyu kuma suke ji a jikinsu, na dama da na hagu. Titi shi ne kwanon. Gidaje ashirin sun jeru fuskarsu a layi ɗaya, kowa ya ja da baya daidai da ɗan'uwansa, shi ya sa haske yake shiga tagar kowa, wanda zai fito da mota yake hango yaron da ke tahowa a keke. In ɗaya ya yunƙuro gaba da mita uku, bai fita daga filinsa ba ko da taku, amma ya tare wa wani rana.

Ya ce to ai takarda ta ce filinsa ne. Nan ne inda Turawan Ingila suka raba abu biyu da mu muka saba haɗawa a zuci. Tun dokar tsara birane da karkara ta 1947, wadda ta fara aiki ran 1 ga Yuli 1948, mallakar fili daban, ikon yin gini a kansa daban. Na farko naka ne, na biyun a hannun hukuma yake, sai ta ba ka. Bayan yaƙin duniya na biyu aka yi ta, lokacin da suke sake gina garuruwan da bama-bamai suka rusa. Har yau in ana auna yawan abin da mutum ya ƙara, gidan asali da ake nufi shi ne yadda aka fara gina shi, ko yadda yake a waccan rana ta 1948 in ya girme ta. Kamar a ce tuwon gabanka rabonka ne, amma yadda za ka yanke shi akwai mai lura.

Sai na sa shi ya faɗa mini yadda neman izinin yake, daki-daki. Mai zanen gini zai zana gidan yadda yake da yadda zai koma, a haɗa da taswirar unguwa, a tura wa ƙaramar hukuma ta intanet, a biya kuɗi, wanda tun Afrilun 2025 ya haura fam 500. Hukuma za ta sanar da maƙwabta, ta wasiƙa ko ta takardar da ake ɗaurawa a jikin turken fitilar titi, a ba su kwana 21 su faɗi abin da ke ransu. Jami'i zai zo ya duba wurin da idonsa. A ƙa'ida cikin mako 8 ake yanke hukunci. In an hana ka, kana da mako 12 ka ɗaukaka ƙara gaban sufeton da ba ma'aikacin ƙaramar hukumar ba ne.

Wurin maƙwabtan nan ne ya fi tsaya masa a rai, ni kuma shi ya fi burge ni. Ana jin ta bakinsu, amma ba su ne masu yanke hukunci ba, kuma ba kowane kuka ake karɓa ba. Wanda ya ce ginin zai rufe masa haske, ko sabuwar taga za ta leƙa masa ɗaki, ko za a cinye wurin ajiye mota har ta koma kwana a titi, ko ginin zai fita daban da tsarin layin, za a auna maganarsa. Ƙananan hukumomi da yawa ma suna da ma'auni: a ja layi mai kusurwar digiri 45 daga tagar maƙwabci, in sabon gini ya tsallake shi, to akwai magana. Wanda kuwa ya ce darajar gidansa za ta faɗi a kasuwa, ko ba ya shiri da mai ginin, ba a sa wannan a sikeli. Haka wanmu yake yi. In ka ce, "Yaya, ya janye mini miya," zai leƙa kwanon ya ga ramin da idonsa. In ka ce, "Yaya, lomarsa ta fi tawa girma," ko kallonka ba zai yi ba. Ya san bambancin wanda aka cuta da wanda yake ƙyashi, kuma duk zaman lafiyar kwanon nan a kan wannan sanin ya tsaya.

Hatta ramin miya yana cikin dokarsu. A daminar 2007 ambaliya ta yi ɓarna a garuruwa irin su Hull da Sheffield, aka kuma lura cewa mutane sun yi ta shafe filayen gaban gidajensu da kankare don ajiye mota, ruwan da ƙasa take shanyewa ya koma kwarara titi yana cika magudanai. Daga Oktoban 2008 aka ce wanda zai daɓe fiye da murabba'in mita 5 a gaban gida da abin da ruwa ba ya ratsawa, sai da izini, sai fa in ya yi wa ruwan hanya ya faɗa cikin ƙasarsa. Kowa a gabansa ya yi daɓen, ba wanda ya taɓa na wani, amma gidan da ke gangare shi ya kwana cikin ruwa.

Autan ya ce wani ya ba shi shawara ya gina kawai, in an jima magana ta mutu. Na ce kul. Da can a Ingila ginin da ya shekara 4 ba a yi magana ba ya tsira, daga Afrilun 2024 an mayar da shi shekara 10. Wani manomi a yankin Surrey, Robert Fidler, ya gwada wannan dabara da gaske. Ya gina katafaren gida mai kamar fadar sarakunan da, ya ɓoye shi a bayan tulin damman ciyawa da tampol, ya tare a 2002, ya jira shekara huɗu, ya kwashe ciyawar a 2006. Hukunci ya zo cewa kwashe ciyawar ma cikin aikin ginin yake, don haka ba a ma fara ƙirga shekarun ba. Shekara goma ana shari'a, a 2016 aka rushe gidan. Mun san irinsa a zaure: mai tura tsoka ƙarƙashin tuwo ya danne, yana jira a tashi.

Ban ce tsarin nasu ba shi da ciwo ba. Kuɗin mai zane kaɗai ya isa ya sa ƙaramin ma'aikaci ya haƙura. Mako takwas kan zarce. Wani lokaci a tsaya ana ja-in-ja a kan launin bulo. Katangar da ke bakin titi ma ba ta wuce mita 1 sai da izini, abin da Bahaushe zai ji kamar an ce ya zauna a kasuwa da iyalinsa. Waɗanda suka rubuta dokar ba su san zaure ba, ba kuma za su ji nauyin da ƙanena yake ji ba in baƙo ya yi sallama. Wannan gaskiya ce, na kuma faɗa masa ita.

Amma na faɗa masa wata gaskiyar, ta lungunmu da ya bari. Doka muna da ita, tun ta Turawa ta 1946 har ta tsara birane ta 1992, a Kano kuma hukumar KNUPDA ce ke ba da izinin gini. Tun kafin su ma, malamanmu suna karantar da cewa in an yi saɓani a kan hanya a bar mata kamu bakwai. Duk da haka ga yadda abin yake tafiya. Mutum ya yi dakali a ƙofar gida, don hira. Baɗi ya kafa masa rumfar kwano. Shekara ta zagayo ya ja bulo ya sa ƙyaure, ya zama shago. Shagon ya buƙaci nasa dakalin, a kan kwata. Na kusa da shi ya ce ai ba zai zauna a baya ba. Ba mugu ko ɗaya a cikinsu, duk mutanen kirki ne masu neman na cefane, kuma ba wanda ya ci fiye da taku biyu. Lungun da motar itace take shiga muna yara, bara da aka yi rasuwa a can ƙurya sai da aka karkata makara kafin ta wuce tsakanin wasu shaguna biyu. Ina cikin masu riƙe da ita. Na ji yadda kafaɗata ta gogi bango, na kuma ji yadda kowa ya yi shiru.

Ya daɗe bai ce komai ba a waya. Can ya ce, "To Yaya, yaya zan yi?"

Na ce kafin wasiƙar hukuma ta isa gidan maƙwabciyarsa, ƙafarsa ta riga ta. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu, ya taɓa gaya mini kujerarta a bakin tagar gaba take, nan take wuni tana kallon masu wucewa. Sai ya ɗauki zanen ginin ya je. Ta sa tabarau ta duba, ta ja shi bakin tagar, ta nuna masa da yatsa inda bangonsa zai tsaya. Ya ce mini da ya zauna a kujerar nan ya duba, bulo kawai zai riƙa gani inda take ganin kwanar titi da tashar bas.

Ya koma wurin mai zane. Mita 3 da ya so ya fitar ta koma ɗaya da rabi, aka janye ginin daga iyakar tsohuwar zuwa ɓangaren ƙofa, aka haɗe shi da ɗan lungun shiga don ya yi faɗi ta ciki, aka yi wa falo ƙofarsa daban. An ba shi izini da sharaɗin bulo da rufi su dace da na gidan, kuma ya fara aiki cikin shekara 3. Ba zauren da ya yi mafarki ba ne. Mutum huɗu zai ɗauka in sun tanƙwashe ƙafa. Magini zai fara in sanyi ya wuce, autan kuma ya ce in an samu mai tahowa in aika masa da tabarmar kaba, har ya turo mini awon ɗakin.