Ƙuri'un da Suka Bi Ruwa a Zamfara, 2019

Da zarar kakar zaɓe ta ƙarato, akwai maganar da ke dawowa a majalisun Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi: "Mu yi ta shan rana a layi, a ƙarshe kotu ce za ta naɗa wanda take so." Hujjar ɗaya ce kullum, wato zaɓen gwamna na 2019. Maganar tana da daɗin faɗi, amma ba haka abin ya gudana ba.

A zaɓen 9 ga Maris 2019, Mukhtar Shehu Idris na APC ya sami ƙuri'a 534,541, Bello Matawalle na PDP ya sami 189,452. Ranar 24 ga Mayu, saura kwana biyar a rantsar da sabon gwamna, Kotun Ƙoli ta ce kujerar ba ta APC ba ce. Wanda ya tsaya a nan dole ya ce an yi ƙwace. Sai dai kotun ba ta sake ƙirga ƙuri'a ko ɗaya ba, ba ta kuma ce an yi maguɗi a rumfunan Zurmi ko na Shinkafi ba. Tambaya ɗaya ta amsa: shin APC ta yi zaɓen fidda gwani yadda doka ta shimfiɗa?

Ba ta yi ba. Wa'adin INEC ya cika ranar 7 ga Oktoba 2018 jam'iyyar tana rabe gida biyu: ɓangaren Gwamna Abdul'aziz Yari a gefe, masu neman takara takwas da ake kira G8 a gefe, cikinsu har da Sanata Kabiru Marafa, da tsohon gwamna Mamuda Aliyu Shinkafi, da Aminu Sani Jaji mai wakiltar Ƙauran Namoda da Birnin Magaji. Kowa ya ja daga. INEC ta rubuta wa APC cewa ba ta da 'yan takara a Zamfara. Ranar 25 ga Janairu 2019 kuma kotuna biyu suka yanke hukunci masu karo da juna, ta Gusau ta ce an yi zaɓen fidda gwani, ta tarayya a Abuja ta goyi bayan INEC. A haka, shari'a na rataye, tambarin tsintsiya ya shiga takardar ƙuri'a.

Nan ne wurin da ke yi wa mutane wuyar haɗiya. Ka ɗauka an yi biki, an yanka sa, gari ya cika, an kai amarya da guɗa, sai daga baya ta tabbata ba waliyyi, ba sadaki, ba a ma ɗaura auren ba. Yawan 'yan biki ba ya mayar da shi aure. Haka doka ke kallon takara: jam'iyyar da ba ta tsayar da ɗan takara ta halattacciyar hanya ba, ba ta shiga zaɓen ba ke nan, duk ƙuri'ar da aka dangwala mata ta zama asara. Da aka cire su aka dubi sauran, Matawalle ne kan gaba. Hukuncin bai tsaya kan gwamna ba, ya kwashe sanatoci 3, 'yan majalisar wakilai 7 da na jiha 24. A Zamfara ta Arewa, Tijjani Yahaya Ƙaura ya sauka, Sahabi Alhaji Ya'u ya koma majalisar dattawa.

Tabbas an cuci talaka. Tsohuwar da ta tako daga ƙauye a shekarar da hanyar Shinkafi ta zama abin tsoro saboda 'yan bindiga, ta tsaya har aka shafa mata tawada a yatsa, ba ta da laifin komai. Amma ba alƙalai suka zubar mata da ƙuri'a ba. Manyan da suka kasa zama inuwa ɗaya tun watan Oktoba, suka san takararsu na gaban alƙali, suka ci gaba da kiran jama'a su fito, su ya kamata a tuhuma. Kotu ta ci jam'iyyar tarar naira miliyan 10, kuɗin da bai kai na motar kamfe ɗaya ta babban ɗan takara ba.

A watan Yunin 2021 Matawalle ya tattara ya koma APC ɗin da kanta, akasarin zaɓaɓɓun da hukuncin ya ba kujeru suka bi shi. A 2023 Dauda Lawal, wanda shi ma ɗan G8 ne a da, ya kayar da shi a akwati ƙarƙashin PDP, da aka je Kotun Ƙoli kuma ta bar wa masu zaɓe abin da suka zaɓa.