Bindiga Ta Cije: Zaro Kwanso Daban, Wurgo Shi Daban

Duk ranar 1 ga Janairu, a bikin Afan na Kagoro kusa da Kafanchan, maharba kan fito da kayan farautarsu. Bindigar da aka fi sanin maharban karkara da ita ita ce adaka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ita ba ruwanta da kwanso. A wannan 'yar maƙala ina so in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai ga wata bindigar daban, wadda na ga ya dace mu kira ta "mai sakata", domin ƙarfen da ke rufe harsashi a cikinta ana ɗaga shi a ja baya ne tamkar sakatar ƙofa. Misalinta su ne Mauser ta Jamus ta 1898 da Lee-Enfield ta Ingila, wadda sojoji da 'yan sandan Nijeriya suka riƙa tun zamanin Turawa.

Kalmomin bindiga da harsashi da albarushi duk daga Larabci muka aro su, kuma sun zauna daram. Inda muke da giɓi shi ne sunayen sassa da na lahani. Kowace matsala sai a ce "ta cije". To amma mai fassara littafin horar da ma'aikatan gandun daji, in ya tsaya a nan, ya bar mutum cikin duhu a gaban gyadon da aka yi wa rauni.

Aiki biyu sakata ke yi bayan harbi. Na farko zarowa: wata 'yar ƙugiya a bakinta tana kama gindin kwanso ta jawo shi daga gurbinsa. Na biyu wurgowa: wani ƙarfe, mu ce matunkuɗi, ya buge kwanson ya faɗa waje.

Idan kwanso ya ƙi zaruwa, sau da yawa laifin gurbi ne. Kwanson tagulla kan kumbura lokacin harbi ya manne da bangon gurbi, sannan ya ɗan tsuke. In akwai tsatsa ko datti a bangon, sai ya kafe. Wanda ya san tsawon daminar kudancin Kaduna da ƙurar hunturu da ke biyo bayanta ba zai yi mamaki ba. Wani lokaci kuma haƙorin ƙugiyar ne ya cinye, ko sifirin ɗinta ya saki, sai sakata ta dawo hannu rabbana. In kuwa ɗaga sakatar ma ya yi tauri, alama ce ta ƙarfin harsashin ya wuce kima, kuma a nan dakatawa ake yi.

Rashin wurgowa ya fi ban sha'awa. A samfurin Mauser matunkuɗin a kafe yake, kwanso ne ke zuwa ya same shi, don haka mai jan sakata a sanyaye zai ga kwanso ya kwanta a ciki, alhali bindigar lafiyarta ƙalau. A Remington 700, wadda ta fito a 1962, matunkuɗin ɗan tsinke ne mai sifirin, ɓurɓushin tagulla da busasshen mai kan toshe shi. Bindigar da aka harhaɗa da sassan kamfanoni daban-daban ita ta fi wannan rigima: kwanson da ya gajarce wa sakatar kan suɓuce tun bai kai ƙofa ba, ko ya bugi madubin saiti ya koma ciki.

Shawarata, mu riƙa rubuta "ta ƙi zarowa" da "ta ƙi wurgowa", mu bar "ta cije" ga hirar majalisa. Gyaran kansa kuwa ba na kowa ba ne, domin Dokar Makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga ko gyara ta ba da izinin hukuma ba, har adakar maharbi.