Yadda Ake Mayar da Gora Tufafi

Gorar da ake nufi a nan ita ce doguwar tsiron nan mai gaɓa-gaɓa, ba goran ruwa ba. Jinsi da karin sauti ne suka bambanta kalmomin biyu. Ƙasar Sin ce kan gaba wajen sarrafa ta zuwa yadi, kuma hanyoyi biyu ake bi.

A hanya ta farko, akan farfasa gorar, a jiƙa ta har ta yi laushi kamar yadda ake yi wa rama, sannan a taje zaruruwanta a kaɗa su. Yadin da ake samu yana da kaushi da tsada, shi ya sa bai yawaita a kasuwa ba.

Hanya ta biyu, wadda aka ƙirƙiro a Ingila a 1892 don sarrafa ɓargon itace, ita ce masana'antu suka fi bi. Akan dafa gutsattsarin gora, a tsoma ɓargon cikin sodar da ake haɗa sabulu da ita, a ƙara sinadarin kabon-daisalfaid, har ya narke ya yi kauri kamar zuma. Sai a tura shi ta ƙananan huduji zuwa cikin ruwan asid, inda yake daskarewa ya zama zare mai santsi da ake kira rayon.

A wannan mataki, siffofin gorar na asali sun riga sun ɓace. Shi kuwa sinadarin, shaƙarsa tana lahanta jijiyoyin ma'aikata. A 2009 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta tuhumi wasu kamfanoni da yaudarar masu saye, domin sun sayar da rayon da sunan zaren gora.