Ɗinkin da Ke Kwance a Jaka

A Dirin Daji, hedkwatar ƙaramar hukumar Sakaba da ke masarautar Zuru, idan sallah ta ƙarato teloli ba sa barci, kamar dai ko'ina a ƙasar nan. Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne tarin ƙyallayen da ke zuba ƙarƙashin keke: guntun atamfa, gefen shadda, ragowar yadi. Mafi yawa sharewa ake yi a ƙone. Amma akwai mata da 'yan mata, har da ɗaiɗaikun maza, da ke roƙon a tara musu, su harhaɗa su yi abin rufa, ko shimfiɗar jariri, ko rigar matashin kai. Ba sana'arsu ba ce, sha'awa ce kawai. Ka buɗe jakar irin waɗannan mutane, da wuya ka tarar da aiki ɗaya. Ga mayafi an kai rabi, ga hula an cike gefe an bar saman, ga zanin gado da fure uku cikin goma da aka zana, allura na soke a jiki tun bara.

Mutanen gida sukan kira wannan lalaci, ko su ce ɓata lokaci ne tun farko. A ganina duka biyun kuskure ne. Yawancin ɗinkin da ke tsayawa a hanya, rashin lissafi kafin a fara ne ke tsayar da shi, kuma wannan yana da magani.

Kada wani ya ɗauka haɗa ƙyalle da cusa auduga a ɗinke baƙon abu ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zariya ya ga 'yan lifida, su da dawakansu sun sha riguna masu kauri. Lifidi kuwa yadi ne sama, yadi ƙasa, a cusa auduga ko audugar rimi a tsakani, a bi da ɗinki layi-layi don kada cikin ya taru wuri ɗaya, yadda kibiya ba za ta huda shi da sauƙi ba. Littafin tarihin sarakunan Kano ya danganta shigowarsa da Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410. Wato dabarar da mace ke buƙata yau don ɗinka wa ɗanta abin rufa, maɗinkan fada sun san ta shekaru ɗari shida da suka wuce. A Senegal ma, 'yan Baye Fall, mabiyan Shehu Ibra Fall almajirin Shehu Ahmadu Bamba, da tufafin faci-faci masu launi barkatai aka san su. Can a Amurka akwai wani ɗan ƙauye a jihar Alabama, Gee's Bend, inda mata jikokin bayi suka daɗe suna yanka tsofaffin wandunan aikin gona suna ɗinka mayafai don sanyi. A 2002 aka baje kolin mayafan a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, a 2006 kuma hukumar gidan wayar ƙasar ta buga hotunansu a jikin kan sarki. Talauci ne ya sa su fara, ba neman suna ba.

To, me ke tsayar da namu?

Mu yi lissafi da awon tela. Abin rufa na babba, mai faɗin inci 60 da tsawon inci 80, idan da murabba'ai masu inci 4 za a haɗa shi, yana cin guda 15 a faɗi, 20 a tsawo, wato 300. Kowane kuma sai an yanka shi inci 5, domin ɗinki zai cinye rabin inci ta kowane gefe. Wadda ke haɗa goma a rana da hannu, ba fashi, wata guda za ta yi kafin ta gama fuskar sama kaɗai. Saura shafi na ƙasa, saura abin da za a sa a tsakiya, saura ɗinkin da zai kama ukun, saura kalmasar baki. Mai sha'awa takan fara da ƙyallaye hamsin da ɗoki mai yawa, ba ta san tafiyar ta ɗari uku ce ba. Ranar da ƙyallayen suka ƙare, ranar aikin ke shiga jaka.

Zare ma haka. Mai ɗinkin hula ta sayi ƙulli biyu na wani shuɗi, ya ƙare a tsakiyar zane, ta koma kasuwa ta tarar an kawo wani shuɗin mai ɗan haske. A hannun mai kanti kamar iri ɗaya ne, a jikin hula kuwa makaho ne kawai ba zai ga bambancin ba. A garin da ba kullum ake kawo sabon kaya ba, wanda wani lokaci sai an yi sautu zuwa Zuru ko Kwantagora, wannan kaɗai ya isa ya kwantar da aiki wata uku. Gara a sayi zaren da zai gama aikin gaba ɗaya, har da ɗan rara, ko da hakan zai jinkirta farawa.

Sai damina. Ƙasar Zuru ƙasar noma ce, daga shuka zuwa kaka hannu ba ya samun sukuni, kuma wanda ya wuni a gona ba ya iya zura zare a hasken tocila. Wannan ba laifi ba ne, amma ajiyar da ake yi wa aikin ita ce ke kashe shi. Allurar da aka bari a soke tana yin tsatsa saboda laima, ta bar tabon da wanki ba ya fitarwa. Jakar da aka jingina da bangon ƙasa kuwa gara ta samu. A zare allura, a nannaɗe aikin cikin tsabtataccen zane, a ɗora shi sama, a haɗa shi da zarensa da sauran ƙyallayensa wuri ɗaya. Wadda ta iya rubutu, boko ko ajami, ta sa 'yar takarda mai nuna inda ta tsaya da abin da ya rage. Bayan wata biyar babu mai tuna jere nawa ya yi.

Akwai kuma ɗabi'ar faro sabo duk lokacin da aka ga atamfa mai kyau. Ba na cikin masu cewa sai an gama ɗaya a taɓa wani, domin ido yana gajiya da ƙaramin ɗinkin hula, ya so ya huta a kan babban taku. Amma taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Babba ɗaya da ƙarami ɗaya sun isa. Mai koyo kuma ta fara da shimfiɗar jariri, murabba'ai 8 sau 10, guda 80 ke nan, ta ga ƙarshensa ta ji daɗin gamawa.

Wasu kurakuran sai bayan an gama suke bayyana, kuma su ne suka fi ciwo. Atamfa mai zuba idan aka haɗa ta da farin yadi ba a wanke ba, wankin farko zai rine komai. A jiƙa kowane launi daban, a shanya, a goge kafin almakashi ya taɓa shi. Kada a haɗa yadi mai miƙewa da atamfa, ko leshi da shadda mai kauri, don ba sa jan juna daidai, sai mayafin ya karkace. A tsakiya kuwa tsohon bargo ko tsofaffin zannuwa biyu sun fi sakakkiyar auduga, wadda ke dunƙulewa a wanki in ba an bi ta da ɗinki kusa-kusa kamar na lifidi ba. A shimfiɗa ukun a tabarma, a kama su da ɗinkin wucin gadi mai manyan taku, sannan a fara na ainihi daga tsakiya ana yin gefe, don kada yadi ya tattare.

Idan aiki ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, a daina yaudarar kai. Ko a rage girmansa a rufe baki ya zama shimfiɗa, ko a miƙa wa ƙanwa ko maƙwabciya ta ƙarasa, ko a ba mabuƙata. A yankin nan akwai iyalai da matsalar tsaro ta raba da ƙauyukansu, wasunsu ba su fito da ko bargo ba, kuma sanyin hunturu ba ya jiran a gama ado.

Ga teloli kuma roƙo: ku ajiye buhu kusa da keke, ku riƙa zuba ƙyallayen atamfa da na shadda daban-daban maimakon ƙonawa. Masu buƙatarsu suna nan a unguwa, ku sanar da su su zo su ɗauka.